Tahiyya Kariyoka: Daga dandalin rawa zuwa kurkukun sojojin Masar

Ranar 20 ga Satumban 1999 Allah ya yi wa Hajiya Tahiyya Kariyoka rasuwa a birnin Alƙahira, bayan ta shafe kusan shekara sittin tana fitowa a fina-finan ƙasar Masar. Ta fito a fim fiye da ɗari. Ta fara da rawa a gidajen shaƙatawa na zamanin sarauta, ta zama babbar jaruma, ta koma fitowa a matsayin uwa, daga bisani kaka. A tsakanin haka ta yi zaman kurkuku a hannun sojojin da suka kifar da Sarki Faruƙ, ta kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo mai zolayar masu mulki, kuma da tsufanta ta yi yajin cin abinci a kan wata doka da gwamnatin Husni Mubarak ta ƙaƙaba wa ƙungiyoyin masu fasaha.

Mai kallo a ƙasar Hausa ya fi sanin jaruman Indiya, domin fina-finansu ne suka mamaye gidajen sinima na Kano da Kaduna da Zariya tun daga shekarun 1950. Duk da haka, tarihin wannan baiwar Allah ya fi kusa da halin da muke ciki. Ta taso cikin al'ummar Musulmi wadda ke cika gidan kallo da dare, da safe kuma ta tsine wa wadda ta kalla. Mutanen Zazzau, waɗanda suka san abin da Hajiya Gambo Sawaba ta gani a hannun masu iko, za su gane fuskoki da dama a cikin wannan labari.

Yarinyar da ta gudu daga Isma'iliyya

Sunanta na yanka Badawiyya Muhammad. An haife ta a Isma'iliyya, garin da ke bakin mashigin ruwan Suwez, a shekarun da Masar ke ƙarƙashin ikon Ingila kai-tsaye. Garin ya rabu biyu a lokacin: unguwannin Turawan kamfanin mashigin ruwa masu itatuwa da faffaɗan tituna, da unguwannin 'yan ƙasa masu yi musu ƙwadago. Sansanonin sojan Ingila na kewaye da shi. Duk yaron da ya tashi a nan ya san ma'anar mulkin mallaka tun kafin ya iya karanta jarida.

Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, riƙonta ya koma hannun wani yayanta. Da ya lura tana son rawa, sai ya shiga dukanta da kulle ta, har ya aske mata gashi don ta ji kunyar fita. Wannan horo bai haifar da abin da ya so ba. Tana budurwa ƙarama ta sulale ta hau jirgin ƙasa zuwa Alƙahira, ta nufi wajen Su'ad Mahasin, wata mawaƙiya mai gidan wasa da ta taɓa sani. Daga nan hanya ta kai ta ga matar da ta fi kowa tasiri a harkar nishaɗin Masar na wancan zamani, wato Badi'a Masabni.

Badi'a mutuniyar Sham ce. Ta buɗe gidan wasanta a titin Imaduddin a 1926, ta mai da shi tamkar makaranta. Kafin ita, rawar mata a Masar tana hannun rukuni biyu: awalim, waɗanda ke waƙa da rawa a cikin gidaje lokacin biki, galibi a gaban mata, da gawazi, masu rawa a fili, waɗanda Muhammad Ali Pasha ya haramta wa wasa a Alƙahira a 1834. Badi'a ta ɗauko wannan gado ta ɗora shi a kan dandamali irin na Turai, ta kawo masu koyar da taku da babbar ƙungiyar makaɗa, ta sa tsari da lokaci da albashi. A wajenta Samiya Jamal ta koyi sana'a, a wajenta kuma mawaƙi Farid al-Atrash ya yi aiki a farkon tashinsa.

A nan Badawiyya ta zama Tahiyya. Laƙabin Kariyoka kuwa ya samo asali daga wata rawa mai salon ƙasar Birazil da ta yi tashe bayan fitowar wani fim na Amurka a 1933, wanda Fred Astaire da Ginger Rogers suka fito a ciki. Ta koyi rawar, ta iya ta fiye da kowa a gidan, 'yan kallo suka riƙa neman a maimaita, har sunan rawar ya bi ta. Abin mamaki shi ne, matar da ta ɗauki sunan rawar baƙi ita ce daga baya aka ɗauka a matsayin ma'aunin rawar Masar ta asali. Masana wannan fanni sukan kwatanta ta da Samiya Jamal. Samiya na zagaye dandamali duka, da takalma masu tsini da mayafi mai tashi da salon da ta aro daga Turai. Tahiyya kuwa takan tsaya a ɗan ƙaramin wuri, motsinta kaɗan, ba gaggawa, tana bin kiɗa a natse.

Daga rawa zuwa wasan kwaikwayo

Shigarta fim ta zo daidai da lokacin da masana'antar ke kafuwa. A 1935 attajiri Tal'at Harb, wanda ya kafa Bankin Masar a 1920 don 'yan ƙasa su mallaki dukiyarsu, ya buɗe Studio Misr. A wannan shekarar Tahiyya ta bayyana a fim ɗin Doktor Farhat na darakta Togo Mizrahi. Shekaru da dama aikinta a fim bai wuce ta fito ta yi rawa ta koma ba. Furodusoshi sun san rawa na sayar da tikiti, ba su damu da ko mai rawar na iya magana ba.

Fim ɗin Li'bat al-Sitt na 1946 ne ya sauya wannan. Ta fito tare da Najib al-Rihani, uban barkwancin Masar, a matsayin matar talaka wadda ɗaukaka da kwaɗayin iyayenta suka raba ta da mijinta. Tsayawa gaban al-Rihani ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ta tsaya. Daga nan daraktoci suka soma ba ta rawar da ke buƙatar harshe da fuska.

Ƙololuwar aikinta ita ce Shabab Imra'a na Salah Abu Saif, wanda ya fito a 1956. Ta fito a matsayin Shafa'at, mace mai dukiya da iko a wata tsohuwar unguwar Alƙahira, mai gidan matsar mai. Wani saurayi ɗan ƙauye, wanda mahaifiyarsa ta sadaukar da abin hannunta don ya yi karatu, ya kama haya a gidanta. Shukri Sarhan ne ya fito a wannan matsayi. Shafa'at ta janye shi daga littafi, ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta mallake shi. Darakta ya riƙa nuna alfadarin da ke juya dutsen matsa da idanu a rufe, don mai kallo ya gane halin da saurayin ya faɗa. Da wata ce aka ba wannan rawa, da Shafa'at ta zama muguwa kawai. Tahiyya ta nuna mace mai tsoron tsufa da kaɗaici, wadda ta saba sayen komai da kuɗi, har ta ɗauka ƙauna ma haka take. An shigar da fim ɗin gasar bikin fina-finai na Kan a Faransa a wannan shekarar, ita kuma ta bayyana a can cikin shigar matan unguwannin Alƙahira.

Shekara guda bayan haka ta sake aiki da Abu Saif a Al-Futuwwa, tare da Farid Shauƙi. Labarin kasuwar kayan gwari ne, inda manyan dillalai ke ɓoye kaya su tsauwala farashi da ɗaurin gindin masu mulki, kuma duk wanda ya kayar da azzalumi sai ya hau kujerarsa ya zama irinsa. Wanda ya san yadda farashin hatsi ke tashi a kasuwanninmu ba ya buƙatar a fassara masa wannan fim.

Wata uku a gidan yari

Siyasar Tahiyya ta girmi shahararta a fim. Masarawa na riƙe da labarin cewa ta taimaka wa Anwar Sadat ya ɓuya a shekarun 1940, lokacin da hukuma ke nemansa, da kuma cewa ta tallafa wa 'yan sa-kai masu yaƙar sojan Ingila a yankin mashigin ruwa. Garinsu ne ya zama fagen fama. Ranar 25 ga Janairun 1952 sojojin Ingila suka far wa barikin 'yan sandan Masar a Isma'iliyya, suka kashe kimanin hamsin. Washegari tsakiyar Alƙahira ta kama da wuta. Masu zanga-zanga suka ƙona otal-otal da gidajen sinima da gidajen rawa, har da gidan da Badi'a ta gina a dandalin Opera. Fushin da aka yi da Turawa ya sauka a kan wuraren da irin su Tahiyya ke neman abinci.

Bayan wata shida, ranar 23 ga Yulin 1952, matasan hafsoshi suka yi juyin mulki, Faruƙ ya sauka ya bar ƙasar. Jama'a suka yi murna, amma alamu suka fara bayyana da wuri. A watan Agusta ma'aikatan masaƙa a Kafr al-Dawwar suka yi yajin aiki, kotun soja ta yanke wa biyu daga cikinsu, Mustafa Khamis da Muhammad al-Baƙari, hukuncin kisa, aka rataye su. A Janairun 1953 aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya.

A wannan shekara ta 1953 aka kama Tahiyya. Tana auren Mustafa Kamal Sidƙi a lokacin, wani hafsan soja da ya saɓa da sababbin masu mulki, aka kuma zarge ta da alaƙa da ƙungiyar 'yan gurguzu masu neman a koma mulkin farar hula. Ta yi kimanin wata uku a tsare. Maganar da aka fi danganta mata daga wancan lokaci ita ce, an kori Faruƙ guda ɗaya an samu Faruƙai da yawa. Mace ce da ke kan ganiyar samun kuɗi da suna, wadda da ta yi shiru da ba abin da zai taɓa ta. Da yawa daga abokan sana'arta sun zaɓi rera waƙoƙin yabon juyin mulki.

A daidai waɗannan shekaru ne wata budurwa daga Zariya ke shan irin wannan ɗaci. Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta shiga jam'iyyar NEPU tana da shekara goma sha bakwai, kuma a farkon shekarun 1950 aka ɗaure ta a Kano saboda tara mata tana yi musu bayanin siyasa. Sana'arsu ba ɗaya ba ce, gwagwarmayar Gambo kuma ta fi tsawo da tsanani, domin an ɗaure ta sau da dama. Amma makamin da aka yi amfani da shi a kansu iri ɗaya ne. Idan mace ta yi maganar mulki, akan bar abin da ta faɗa a koma kan mutuncinta da yawan aurenta. Yau babban asibitin da ke Ƙofar Gayan a birnin Zazzau na ɗauke da sunan Gambo Sawaba, wadda a da ake yi wa kallon fitsararriya.

Uwa a fim, mai zolaya a dandamali

Da shekaru suka ja, jiki ya yi nauyi, Tahiyya ta ajiye rawa. A nan ne aikin mafi yawan 'yan rawa ke ƙarewa, ita kuwa a nan ta buɗe sabon babi. A Umm al-Arusa na Atif Salim, wanda ya fito a 1963, ta zama uwar 'ya'ya da yawa a gidan ƙaramin ma'aikaci. Imad Hamdi ne mijin, wanda hidimar aurar da 'yarsa ta matsa masa har ya taɓa kuɗin wurin aikinsa. Duk gidan da aka taɓa tara kayan ɗaki da bashi zai ga kansa a ciki. Matar da aka sani da kayan rawa ta fito da rigar zaman gida tana faɗa da yara, kuma 'yan kallo suka yarda da ita.

A 1972 ta karɓi rawar da ta fi kowace taɓa rayuwarta. A Khalli Balak min Zuzu na Hasan al-Imam, Su'ad Husni ta fito a matsayin ɗalibar jami'a mai ɓoye wa abokan karatunta cewa mahaifiyarta 'yar rawar biki ce daga titin Muhammad Ali. Tahiyya ce uwar. Akwai wurin da tsohuwar ta tashi yin rawa a liyafar masu kuɗi, suka mai da ita abin dariya, har 'yar ta kasa jurewa ta fito ta karɓi rawar, asirinta ya tonu. Tahiyya ta yarda a nuna tsufanta da ƙibarta a gaban mutanen da suka san ta tana budurwa. Fim ɗin ya shafe fiye da shekara guda ana nuna shi a sinima, kuma tambayar da ya ɗaga tana nan: me ya sa ɗiyar mai sana'ar nishaɗi za ta ji kunyar kuɗin da aka biya mata makaranta da shi?

Tun farkon shekarun 1960 ta kafa ƙungiyar wasan dandamali tare da mijinta, marubuci Fayiz Halawa. Wasanninsu na barkwancin siyasa ne, sun kuma sha karo da masu tace wasanni. A nan akwai abin da masu sukarta ke riƙewa. Wasansu Yahya al-Wafd, na tsakiyar shekarun 1970, ya yi ba'a ga ƙawancen Masar da Tarayyar Sobiyat a daidai lokacin da Sadat ke juya wa Rasha baya yana fuskantar Amurka. Masani ɗan Falasɗinu Edward Sa'id, wanda ya kalli wasan a Alƙahira, ya fita da ɓacin rai, yana ganin tsohuwar 'yar adawa ta koma faɗar abin da gwamnati ke son ji. Zolayar mulkin da ya shuɗe ba ta buƙatar ƙarfin hali irin na zolayar mulkin da ke kan gado. A 1975 ta fito a Al-Karnak, fim ɗin da aka ɗauko daga littafin Najib Mahfuz, wanda ya tona azabtar da ɗalibai a gidajen yarin zamanin Jamal Abdul Nasir. Abin da fim ɗin ya nuna ya faru, ita ma shaida ce, amma shi ma ya yi wa gwamnatin Sadat daɗi.

Rayuwar aurenta ba ta yi daɗi ba. Ta yi aure fiye da sau goma, cikin mazajen akwai jarumi Rushdi Abaza da darakta Fatin Abdul Wahab da mawaƙi Muharram Fu'ad. Aurenta da Halawa, wanda ya fi kowanne daɗewa, ya ƙare da rigima, ta rasa gidan da take zaune da mafi yawan abin da ta tara. Matar da ta yi suna da kyauta ta koma ƙaramin gida, tana karɓar ƙananan ayyuka don ta ci abinci.

Yajin cin abinci na 1987

A 1987 majalisar dokokin Masar ta zartar da doka mai lamba 103, wadda ta sauya tsarin zaɓen shugabannin ƙungiyoyin 'yan fim da 'yan wasa da mawaƙa ba tare da an tuntuɓi 'ya'yan ƙungiyoyin ba. Masu sana'ar suka fahimci manufar: a ba shugabannin da gwamnati ta aminta da su damar dawwama a kujera. Suka yi zaman dirshan a ofishin ƙungiyar 'yan fim, cikinsu har da darakta Yusuf Shahin. Tahiyya, wadda a lokacin tsohuwa ce mai fama da rashin lafiya, ta shiga cikinsu ta daina cin abinci. Labarin ya cika jaridu, kuma bisa abin da aka ruwaito, sai da Mubarak da kansa ya kira ta a waya kafin ta janye. Shahin ya saka wannan zaman dirshan a fim ɗinsa Iskandariyya Kaman wa Kaman, inda ta fito da sunanta na gaskiya.

Darasin wannan mataki ya shafi masu sana'ar fim a ko'ina. Gwamnati ba ta buƙatar hana kowane fim idan ta riƙe ƙungiyar da ke ba da izinin aiki. Tahiyya ta gane cewa 'yancin mai fasaha yana farawa daga wanda ke shugabantar ƙungiyarsa da yadda aka zaɓe shi.

A ƙarshen rayuwarta ta sauke farali, ta sa hijabi, aka koma kiranta Hajiya. A shekarun da wasu jaruman Masar ke sanar da tuba suna barin fim gaba ɗaya, ita ta ci gaba da aiki da lulluɓinta, har ta fito a Mercedes na Yusri Nasrallah a 1993. Ta kuma ɗauki wata jaririya da aka yasar ta rene ta har ƙarshen ranta.

Abin da ya rage, da abin da ke ɓacewa

Edward Sa'id ya fara ganin rawarta a 1950 yana yaro, ya kuma yi rubutu a kanta sau biyu, a 1990 da kuma bayan rasuwarta. Babban kukansa shi ne rashin adana tarihi: mace ta yi aiki na tsawon wannan lokaci, amma babu cikakken jerin ayyukanta, babu ma'ajiyar da ta tattara su, sai kaset-kaset da labaran baka.

Wannan kuka namu ne fiye da na Masarawa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Fim ɗin ya ɓace wa jama'a shekaru da dama, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-Finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Idan haka ta faru da fim ɗin da aka ɗauko daga littafin Firayim Minista, ina ga wasannin talabijin na Kaduna da Kano, ina ga matan da suka fito a cikinsu? Hajiya Barmani Coge ta rasu a Funtuwa a 2013 bayan shekaru tana kiɗan amada tana yi wa mata huɗubar neman sana'a, kuma mafi yawan abin da ya rage nata yana warwatse a wayoyin mutane.

Muhawarar da Tahiyya ta rayu a cikinta ma ba ta ƙare a nan ba. Tun kafa Hukumar Tace Fina-Finai ta Jihar Kano a 2001, rawa da waƙa a fim ɗin Hausa ke jawo dakatarwa da kora, kuma mata ne suka fi ɗanɗanawa. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa ta Jihar Kano bayan adawa mai zafi. Malamai da iyaye na da hujjojinsu a kan tarbiyya, kuma al'umma na da haƙƙin tattauna abin da 'ya'yanta ke kallo. Sai dai tattaunawar takan tsaya a kan tufafin jaruma, ta bar batun kwantiraginta da haƙƙin mallakar aikinta da wanda zai kula da ita ranar da ƙarfi ya ƙare. Tahiyya Kariyoka, duk da sunanta da fina-finanta fiye da ɗari, ta tsufa ba ta da gidan da ta tara wa kuɗi. Jarumar da ba ta kai ta suna ba, a masana'antar da ba ta kai ta Masar tsari ba, tana buƙatar ƙungiya mai zaɓaɓɓun shugabanni da dokar da za ta kare guminta tun tana da sauran ƙarfi.